Amanar Dutse da Amanar Ɗalibi

Masanin ilimin duwatsu yana da wata dama da takwaransa na ɗakin gwajin sinadarai ba shi da ita. Wanda ya haɗa sinadarai biyu ya ce sun ba da launi kaza, gobe wani a Alƙahira ko Tokiyo zai haɗa su ya ga ko haka ne. Amma wanda ya ce ya fasa dutse a wani kwazazzabo mai tafiyar kwanaki a ƙafa, ya tsinci abu kaza a ciki, babu mai iya ƙaryata shi sai wanda ya ɗaura takalmi ya je wurin. Galibi kuma babu mai zuwa. Kuɗin tafiya ya yi yawa, hanya ta yi nisa, ga mutumin farfesa ne. Sai a karɓa, a gina bincike a kai, a koyar da ɗalibai.

Wannan nisa da rashin shaida shi ya sa sassan jiyoloji na jami'o'i suka dogara da amana fiye da yawancin sassan kimiyya. Amanar kuwa iri biyu ce. Akwai ta dutsen da aka ɗauko, wato a faɗi gaskiyar inda aka same shi da yadda aka same shi. Akwai kuma ta ɗalibin da aka tafi da shi daji, wanda abincinsa, makwancinsa, digirinsa da takardar shaidar da zai nemi aiki da ita duk suna hannun mutum ɗaya. An daɗe ana ɗaukar cin amana ta farko a matsayin laifin kimiyya, ta biyu kuwa a ce ai halin mutum ne, ba ruwan ilimi. Shari'o'i biyu da suka girgiza wannan fanni, ɗaya a Indiya ɗaya a Amurka, sun isa a auna wannan rabo a ga ko ya tsaya daidai.

Vishwa Jit Gupta ya kasance farfesa a Jami'ar Panjab da ke Chandigar. Daga 1964 zuwa ƙarshen shekarun 1980 ya wallafa maƙalu sama da 400 a kan burbushin halittun dā na tsaunukan Himalaya, tare da abokan rubutu fiye da 100, da yawansu manyan masana na Turai, Amurka da Ostareliya. Dabararsa ba ta da wuya. Zai kai wa ƙwararre samfuri ya ce daga wuri kaza ne a Kashmir ko Himacal ko Nepal. Ƙwararren ya duba, ya tantance nau'in halittar, ya yi bayaninta yadda ya kamata, su fitar da maƙala da sunayensu biyu. Samfurin na gaske ne, bayanin ma daidai ne. Adireshin ne ƙarya. Da yawa daga wuraren da yake ambata suna kusa da kan iyaka, inda baƙo ba ya samun izinin shiga, wasu kuma bai bayyana su yadda za a iya gano su ba.

Sai an ga yadda ake aikin za a gane sauƙin yaudarar. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin burbushi masu kamar haƙora da ake kira konodon, yawancinsu ba su wuce milimita ɗaya ba. Ana jiƙa dutsen farar ƙasa a ruwan asid mai rauni har ya narke, a tace gyauron, a shanya, sannan a zauna gaban madubin ƙara girma ana tsince su ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen bakin buroshi. Abin da zai cika maƙala guda yana iya shiga 'yar kwalbar da ba ta kai ta turare ba. Idan aka miƙo maka kwalbar da 'yar takarda manne a jikinta, takardar nan ita ce kaɗai abin da ya haɗa ta da wani wuri a doron ƙasa. Konodon ɗin da Gupta ya ce na Himalaya ne, an gano sun yi daidai da na wani sanannen wuri a jihar Niyu Yok, kusa da Bafalo, wanda ake samun irinsu a ɗakunan koyarwa na jami'o'i da dama.

Mutumin da ya tsaya a kan maganar shi ne John Talent na Jami'ar Macquarie a Sidni. Tun a shekarun 1970 shi da wani abokin aikinsa suka je Nepal neman wani wuri da Gupta ya ce ya samu burbushi, amma ba su tarar da abin da ya ce ba. Daga baya ya shiga wani shagon sayar da duwatsu a Paris ya ga wasu halittun teku masu murɗaɗɗen ƙoƙo da aka kawo daga yankin Arfud na Maroko, sai ya ga ba su da maraba da waɗanda Gupta ya ce ya samo a Himalaya, har da irin launi da santsin da zaman sahara ke bar wa dutse. A 1987, a wani taron masana a Kalgari ta Kanada, ya nuna hotunan biyun gefe da gefe, Gupta na zaune a zauren. A watan Afrilun 1989 ya fitar da cikakken zargi a mujallar Nature.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. Da irin waɗannan burbushi ake zana taswirar tekunan dā, a gane wace nahiya ce ke maƙwabtaka da wace shekaru miliyan 400 da suka wuce. Idan halittun Maroko da na Niyu Yok suka ɓulla a Himalaya, taswirar ta rikice, kuma duk wanda ya yi gini a kanta ya yi aikin banza. Su ma abokan rubutun ba su fita fes ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masani ya yarda sunansa ya hau maƙala a kan wurin da bai taɓa takawa ba, bai kuma tambayi littafin daji ko hoton wurin ba, saboda maƙala ɗaya ta ƙaru a jerin ayyukansa.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne na cikin gida. Tun kafin Talent akwai masana 'yan Indiya da suka yi ƙorafi a rubuce cewa sun je wuraren ba su ga abin da aka ce ba, maganarsu ba ta je ko'ina ba. A sashen Gupta kansa akwai waɗanda suka fita daji da shi. Sai bayan maƙalar 1989 ne wani abokin aikinsa, Arun Ahluwalia, ya fito fili a mujallar ya ba da shaidar abin da ya sa shi ma ya daina yarda da samfuran. Shekara 25 ana tafiya a haka. Ba rashin ido ba ne ya kawo shirun. Mutumin babba ne, yana da faɗa a ji a jami'ar, ƙarin girman na ƙasa da shi da digirin ɗalibai suna bi ta teburinsa. An dakatar da shi a 1991, aka mayar da shi a 1992. Kwamitin bincike ƙarƙashin wani tsohon babban alƙali, M. S. Gujral, ya same shi da laifi a 1994, amma jami'ar ba ta kore shi ba, ta dai hana shi muƙaman gudanarwa. Ya ci gaba da zama farfesa har ya yi ritaya a 2002.

Ɗaya shari'ar daga ƙarshen duniya ta fito. A Antatika akwai wasu kwaruruka da ƙanƙara ba ta rufe ba, busassu ƙarƙaf, inda masana ke zuwa neman tarihin yanayin duniya a cikin tsakuwa da tokar aman wuta. Jirgi mai saukar ungulu ke ajiye ayari ya tafi. Daga nan sai tanti, risho, rediyon sadarwa da iska mai yanka fuska, makonni ba a ga kowa ba. David Marchant na Jami'ar Boston ya yi suna a wannan yanki. Yana cikin marubutan wata maƙala ta 1995 da ta ce akwai ƙanƙara binne a Kwarin Beacon mai shekaru sama da miliyan 8, kuma har an raɗa wa wani kogin ƙanƙara sunansa.

A ƙarshen 1999 ya tafi da ayarin mutum huɗu, cikinsu da ɗaliba mai neman digiri na biyu, Jane Willenbring, tana da shekara 22, ita kaɗai ce mace. A watan Oktoban 2016 ta shigar da ƙara a jami'ar. Ta ce a wannan tafiya ya riƙa zaginta da kalaman batsa kullum, ya tura ta ta gangaro daga tudu, ya jefe ta da duwatsu idan ta kewaya, ya kuma hura mata tokar aman wuta mai kaifi a ido. Wani ɗalibi namiji da ke cikin ayarin ya gaskata wasu daga cikin abubuwan. Wata tsohuwar ɗaliba, da ta nemi a sakaya sunanta, ta ce irin abin da ta gani a hannunsa ya sa ta bar harkar jami'a ɗungurungum. Marchant ya musanta, kuma wasu mata da suka yi aiki da shi sun fito sun kare shi. Mujallar Science ta buga labarin a Oktoban 2017. Binciken jami'ar ya tabbatar da cin zarafi ta kalamai, bai samu isasshiyar hujja a kan zargin turewa da jifa ba. Kwamitin malamai ya ba da shawarar dakatarwa ta shekara uku ba albashi, shugaban jami'ar ya ƙi, aka kore shi a Afrilun 2019. Tun a 2018 hukumar raɗa sunayen wurare ta Amurka ta cire sunansa daga kogin ƙanƙaran, ta mai da shi Matataua.

Ita ma Willenbring kusan shekara 17 ta yi shiru, kuma ba ta ɓoye dalili ba: sai da ta samu kujerar dindindin a wata jami'a, inda babu wanda zai iya tsinke mata igiya, sannan ta buɗe baki. Fannin ƙarami ne. Masu duba takardar neman tallafinka da masu tantance maƙalarka ba su da yawa, kuma duk sun san juna.

Idan aka jera shari'o'in biyu, bambanci na farko da ke fitowa shi ne na shaida. Dutse ba ya mantuwa, ba ya tsoro. Bayan shekaru Talent ya iya ɗora samfurin Maroko kusa da hoton Gupta kowa ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Abin da ya faru tsakanin malami da ɗaliba a bayan tudu ba ya barin samfurin da za a ajiye a aljihun tebur. Shi ya sa binciken Boston ya iya kama zagin da wasu suka ji, ya kasa kama abin da ya fi shi muni a cikin ƙarar. Da hujja kaɗai ake hukunci, da Gupta ne ya fi shan wuya. Sai ga shi mai hujja a fili ya tsira da kujerarsa, wanda hujjarsa ta fi wahalar kafawa kuma ya rasa tasa.

Kada a yi saurin cewa Amurka ta fi Indiya adalci. Abokan aikin Marchant ma dakatarwa suka nema masa, kamar yadda majalisar jami'ar Panjab ta tausasa wa nata. Abin da ya bambanta shi ne zafin da ya zo daga waje. Labarin Science ya fito a daidai makon da zargin cin zarafin mata da aka yi wa mai shirya fina-finai Harvey Weinstein ya fashe, kwamitin kimiyya na majalisar wakilan Amurka ya buɗe nasa binciken, ga kuma kuɗin gwamnati da ake gudanar da aikin Antatika da shi. A duka wuraren biyu sashen da abin ya faru a cikinsa ba shi ne ya fara tonawa ba. Baƙo daga Ostareliya ne a ɗaya, tsohuwar ɗaliba da ta riga ta tsere wa ikon malaminta a ɗayan.

Akwai masu cewa bai kamata a cakuɗa laifukan biyu ba, kuma maganarsu tana da nauyi. Ƙa'idar gwamnatin Amurka ta shekarar 2000 ta taƙaita maguɗin bincike ga abu uku: ƙirƙirar sakamako, murɗe shi, da satar aikin wani. Hujjarsu ita ce, mutum na iya zama azzalumi kuma awonsa ya zama daidai. Babu wanda ya zargi Marchant da ƙirƙirar alƙaluma. Masana sun yi ta muhawara a kan shekarun ƙanƙarar Kwarin Beacon, amma muhawara ce ta ilimi, irin wadda aka saba. Maƙalun Gupta kuwa guba ne a cikin rumbu, ko da a ce shi mutumin kirki ne ga ɗalibansa. Idan aka kira komai maguɗin kimiyya, in ji su, kalmar za ta rasa kaifinta, a kuma ɗora wa editocin mujallu shari'ar da ba su da kayan aikin yanke ta.

Na yarda da rabin wannan. Maƙalar da awonta ke daidai ba a janye ta don marubucinta ya munana hali. Amma rabon ya manta da wani abu da malaman hadisi suka daɗe da ganewa, da suka ce ba a karɓar ruwaya sai mai ita ya haɗa kiyayewa da adalci, domin idan ba ka halarci wurin ba, mutumin shi ne hanyarka ɗaya tilo zuwa ga labarin. Ilimin duwatsu ma ruwaya ce daga wuraren da yawancinmu ba za mu je ba. Kuma a dajin nan, wane ne shaida na biyu bayan farfesa? Ɗalibin da ke riƙe da guduma da jakar samfur. Shi ne ya ga inda aka fasa dutsen, shi ya rubuta lamba a jikin jakar. Malamin da ya koya wa ɗalibansa cewa duk abin da aka gani a daji a daji ake barinsa, ya rushe kariya ɗaya da fannin ke da ita daga irin Gupta, ko da shi kansa bai taɓa murɗe adadi ɗaya ba. Tsoron da ya rufe bakin Willenbring shi ne dai tsoron da ya rufe bakin ƙananan malaman Chandigar. Saboda haka ni a ma'aunina cin amanar ɗalibi ya fi nauyi: yana da tasa ɓarnar a jikin mutum, sannan yana share wa ɗayar hanya.

Ga kuma asarar da ba ta shiga lissafi. Maƙalar ƙarya ana iya gano ta a yi mata alama. Binciken da matar nan da ta bar jami'a za ta yi, babu inda za a je a ƙirga shi.

Cewa abin ya wuce mutum ɗaya, alƙaluma sun nuna. A 2014 Kathryn Clancy da abokan aikinta suka fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa masu binciken daji 666 daga fannoni daban-daban. Kashi 64 cikin 100 sun ce sun fuskanci cin zarafi mai alaƙa da jinsi, fiye da kashi 20 sun ce abin ya kai ga taɓa jiki, kuma ga mata, galibi daga na gaba da su ne. Yawancin masu amsawar daga fannin nazarin ɗan'adam da tonon kayan tarihi suke, kuma su suka kawo kansu, don haka ba za a ce adadin ya wakilci kowa ba. Duk da haka, yanayin aikin iri ɗaya ne da na masu duwatsu. A watan Satumban 2017 babbar ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Amurka, AGU, mai mambobi kusan 60,000 a lokacin, ta sauya ƙa'idarta ta saka cin zarafi, wariya da danniya a sahun maguɗin kimiyya. A 2018 hukumar da ke ba da tallafin bincike ta ƙasar, NSF, ta wajabta wa jami'o'i su sanar da ita idan an samu mai riƙe da tallafinta da irin wannan laifi.

Maganin amanar dutse ya fi sauƙi, kuma an yi nisa a kansa. Yau ana ɗaukar lambobin wuri da na'urar GPS, a ɗauki hoton dutsen kafin a fasa, a ba samfur lamba, a ajiye shi a gidan adana kayan tarihi inda wani zai iya zuwa ya nema. Mujallu da yawa ba sa karɓar bayanin sabuwar halitta sai an faɗi inda samfurin yake ajiye. Wannan gyara ne da ba ya taɓa ikon kowa, shi ya sa bai sha gardama ba.

Na ɗalibi kuwa sai an rage wa wani ƙarfi. Rahoton da manyan cibiyoyin kimiyya na Amurka suka fitar a 2018 ya ba da shawarar a daina rataya rayuwar ɗalibi a wuyan malami ɗaya: a sa kwamiti ya duba aikinsa, kuɗin karatunsa ya fito daga sashe, ba daga aljihun tallafin farfesa ba. Masu shirya tafiye-tafiye sun ƙara da nasu: a rubuta dokokin sansani kafin a tashi, kowa ya samu hanyar kiran gida ba sai ta hannun shugaban ayari ba, a kuma sami wanda za a kai wa ƙara da ba ya ƙarƙashin wanda ake ƙara. Wani bincike na 2017 da ya biyo bayan na Clancy ya gano cewa rubuta doka kaɗai ba ta wadatar, sai a sansanonin da aka ga an hukunta wanda ya karya ta.

Mu ma nan ba baƙin zancen ba ne. Ɗaliban jiyoloji a Zariya, Jos, Kano, Maiduguri da Yamai suna fita aikin taswira, su kwana a makarantun ƙauye ko masaukin da aka samu, kuma makin wannan fita yana da nauyi a digirinsu. Waɗanda suka kammala su ne gobe za su ce wa gari a nan za a haƙa rijiyar burtsatse, ko su sa hannu a rahoton ma'adinai. Ɗalibin da ya koyi cika taswira daga ɗakin kwana don malam ba ya dubawa, da ɗalibar da ta koyi yin shiru don malam ne ke ba da maki, darasi ɗaya suka ɗauka.

Sai dai shawarar raba iko tana da iyakarta, kuma a ƙananan sassa ake ganin iyakar. Idan a sashe gaba ɗaya mutum ɗaya ne ya san konodon, ko shi kaɗai ke da tallafin da zai biya mota da mai, kwamitin mutum uku suna ne kawai, sauran biyun za su sa hannu a kan abin da ya ce. Haka abin ya kasance a Chandigar, haka kuma ya kasance a sansanin mutum huɗu a Antatika. Abin da ya rage wa irin waɗannan sassa shi ne su nemi ido daga waje da gangan: mai jarrabawa daga wata jami'a da zai tambayi littafin daji ya kuma gana da ɗalibi shi kaɗai, malami na biyu a kowace fita ko da ba fanninsa ba ne, da ajiye rabin samfur a wurin da mai shi ba ya riƙe da makulli. Duk waɗannan suna cin kuɗi, kuma wanda zai amince da kasafinsu a taron sashe sau da yawa shi ne farfesan da za su rage wa iko.